Wanda Ya Yaga Ƙyalle

Jiya ma sai da na ƙwace sanda daga hannun wani saurayi a rumfata. Ya gama kallon wani Bature a waya yana murɗa farar ƙwallo tana zagaye baƙa, shi ke nan sai ya ɗaga gindin sanda sama kamar mai shirin daka, zai soka mini ita a ƙyallen tebur. Da na riƙe hannunsa har yana ce mini wai ai ba wuya, ya kalla ya fi a ƙirga. Ni ma na sha kallon jirgin sama yana wucewa ta saman Birnin Kudu, ban taɓa cewa a ba ni in tuƙa ba. Saboda irinsa na ga gara in faɗi yadda wannan bugu yake da abin da ya ci a gabana, tunda ku samarin yanzu kun ɗauka sana'ar teburin sunuka zaman inuwa ce kawai.

Sunana Isiya, ɗan Kiyako ne ni, gidanmu manoma ne kaka da kakanni. Cin rani ya kawo ni Birnin Kudu ina saurayi, ina tura kurar ruwa. Hanyar da nake bi kullum ta bayan tasha ta ratsa, inda wani mutum mai suna Hamza ya kafa rumfar kwano da tebur ɗaya a ciki. Baba Hamza ake ce masa tun gemunsa bai fara fari ba. Dogo ne, ba shi da yawan magana, ba ya wasa da abokin ciniki. Na riƙa ajiye kura ina leƙe har masu ruwa suka fara ƙorafi, ran nan Baba Hamza ya ce mini in kallo na zo yi, to in shigo in yi shi da tsintsiya a hannu. Da labari ya kai wa mahaifina ransa ya ɓaci ƙwarai, don a wurinsa duk inda samari suka kewaye tebur caca ce. Sai da ya zo da ƙafarsa ya ga Baba Hamza ya kori wasu da suka sa kuɗi a wasa, ya kuma ga ana lulluɓe tebur da an kira salla, sannan ya ƙyale ni, ba don ya so ba.

Aikina na farko burushi ne. Ƙyallen tebur yana da kwanciya irin ta gashin akuya, daga kai zuwa ƙasa. In ka share shi a baibai ka tayar da gashin, ƙwallo ta riƙa tafiya tana tuntuɓe. Daga burushi aka ƙara mini girma zuwa guga, da dutsen gawayi, a shimfiɗa jarida a bi a hankali. Sai daidaita ƙafafu. Teburin namu kafinta ne ya haɗa shi da katako, ƙasan rumfa kuma ba siminti, don haka kowace safiya sai na gara ƙwallo a hankali daga kowace kusurwa, in ga inda take karkata, in tsuguna in cusa guntun tayil ko kwali a ƙarƙashin ƙafa. Bakin sanda kuwa fata ce, wurin dukawa nake karɓo ta, in yanka, in manna da gam, in ɗaure da roba ta kwana, in goge da sampepa har ta yi ɗan tudu. Alli ma a igiya muke ɗaure shi, don abokan ciniki suna mantuwa da shi a aljihunsu. Damina ta zo ta wuce ina wannan hidima, ban taɓa buga ƙwallo ko ɗaya a kan teburin ba.

Abokan ciniki kuma kowa da irin cutarsa. Akwai ɗan kamasho da zai gama cin awara ya zo da mai a yatsu ya dafa maka ƙyalle. Akwai ma'aikacin da in ya ci gwaninta ce, in an ci shi tebur ne ya karkace. Akwai mai ɗora kofin shayi a gefe, da mai hawa ya zauna da ɗuwawu don ya kai ga ƙwallon da ta yi masa nisa. Mai tebur ba wasa yake kallo ba, hannuwan mutane yake kallo daga safe har magariba, kuma yawancin masu shigowa haushinsa suke ji.

Bugun nan da kuke gani a waya, mu a nan lauje muke ce masa, saboda hanyar da fara ke bi tana kama da bakin lauje. Fara ita ce ƙwallon da ake bugawa da sanda. In abokin wasa ya ɓoye maka ita a bayan wata, ba ka ganin wadda kake nema kai tsaye, to hanya biyu gare ka. Ko ka buga ta bango, wato robar gefe, ta dawo, ko ka yi lauje ka zagaye. Duk ƙasar nan a lokacin Baba Hamza kaɗai ke yin sa yadda ya kamata, kuma shi ne abin da ke cika masa rumfa.

Ba a kan tebur ya koya mini ba. Wata tsohuwar ƙofa ya kwantar a bayan rumfa, ya buga mata bargo da ƙusa, ya ajiye gwangwanin madara a tsakiya ya ce in zagaye shi. Kuskuren kowa, har ni, shi ne zuba wa ƙwallon da ake nema ido. Baba ya ce in manta da ita tukuna. Ka fara duba mazaunin fara, ɗan wurin nan da cikinta ya taɓa ƙyalle. Daga nan ka ja layi a ranka zuwa inda kake so ta miƙe bayan ta gama juyawa. A kan layin nan, dab da mazaunin nata, ka zaɓi ɗigo ɗaya. Sai ka ɗaga gindin sanda, ka fuskantar da ita gefen da fara za ta fita ta kauce wa abin da ya tare ta, amma bakin sandar ya nufi ɗigon nan ta cikin jikin ƙwallon, kamar za ka huda ta ka taɓa shi. Fitar farko sanda ce ke ba ta, inda za ta ƙare kuwa ɗigon ne. Saura ƙarfin hannu. In ka buga da ƙarfi za ta yi nisa tana sulɓi kafin ƙyalle ya kama ta ta juya. In ka sassauta ta juya da wuri ta daki abin da kake gudu. Da damina ƙyalle yana da laima, yana kama ta nan da nan, da rani kuma sai ta sulale ta wuce. Wannan ba wayar da za ta gaya maka shi.

Hatsarin yana nan: sanda daga sama take sauka. Dole ka taɓa ka janye kamar wanda ya dafa tukunya mai zafi. In hannu ya ɗan yi rawa, ko alli bai kama ba, bakin sanda ya zame daga jikin ƙwallo, to ƙyalle ne a ƙasa yana jira. Na yaga bargon nan har ya zama duk ɗinki. Duk yagar da na yi sai Baba ya miƙo mini allura, in na ɗinke ya sa in gara ƙwallo ta kan ɗinkin in ga yadda take kaucewa. Teburin da aka ɗinke ya zama gurgu, gwanaye ba sa zuwa kansa. Sabon ƙyalle kuma sai Kano, a can ma sai an yi nema.

Shi ya sa Baba Hamza ya kafa doka. Wanda ya yaga ƙyalle ba a karɓar ko sisinsa, amma ya ajiye sanda ke nan har abada. Hujjarsa ita ce in aka ce biya za a yi, 'ya'yan masu hali za su riƙa yagawa suna dariya. Sauran masu tebur, daga Birnin Kudu har Gwaram, yawancinsu a hannunsa suka koya, sai duk suka ɗauki dokar. In aka kore ka a tebur ɗaya, labari zai riga ka isa na gaba.

Wanda dokar ta fi ci shi ne Sabo Direba, mai a-kori-kura da ke bin hanyar Gwaram. Ban taɓa ganin hannu mai sanyi irin nasa ba, ni kaina da na zama gwani ban kai shi ba. Wata rana wasa ya yi masa daɗi, 'yan kallo na zuga shi, ya ɗaga gindin sanda. Yagar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Baba ya miƙa hannu ya karɓi sandar, bai ɗaga murya ba. Sabo ya ba da haƙuri, ya ce zai je Kano da motarsa ya kawo sabo dal, ya turo shugaban tasha, ya turo wani malami da Baba ke jin nauyinsa. Baba ya yi ƙememe. Sabo bai yi gaba da kowa ba. Duk ranar da ya sauke lodi sai ya zo ya zauna a bencin waje, hannuwa a tsakanin gwiwoyi, yana kallon waɗanda ba su kai rabinsa ba suna ɓata wasa. Na sha ce wa Baba hukuncin nan ya yi tsauri, shi kuma amsarsa ɗaya ce, wai ranar da ya ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa babu sauran doka. A haka shekaru suka tura, har furfura ta fito wa Sabo a kan bencin.

Sai shekarar da ruwa ya ci gonaki. Lokacin na yi aure har da 'ya'ya, ni ke riƙe da yawancin aikin, gidana da gidan Baba duk daga teburin nan muke ci. Aka yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa, wata safiya muka tarar gefen rumfa ya rufta, ruwa ya kwanta a kan tebur. Muka ɓalle ƙyallen muka shanya, muka jira katako ya bushe, kafinta ya kankare inda ya kumbura, muka mayar muka ja. A ido lafiya lau yake, sai dai koren ya koɗe. Amma in ka sa farce ka ɗan ja, za ka ji zaren yana saki. Ya mutu. Halin sayen wani kuwa babu, don wanda gonarsa ta nutse ba ya zuwa buga sunuka. Sai mu wuni ba a taɓa sanda ba. A gidana aka koma girki sau ɗaya, na Baba ma ban tambaya ba don na san amsar.

Akwai wani abu kuma da ni kaɗai na lura da shi. Hannun Baba na dama ya fara rawa. A kofin shayi na fara gani, ya koma riƙe shi da hannu biyu. Ya daina yin lauje ba tare da ya gaya wa kowa ba, in an roƙa sai ya ce ni in yi, ni kuma tun bayan ruwan nan ban ƙara ɗaga gindin sanda a kan ƙyallen ba.

Da kaka ta yi muka ji cewa wajen Gwaram, musamman ɓangaren Fagam mai tuddai, sun ɗan sami amfanin gona. Baba ya ce mu kai tebur can ranar kasuwa, in ta karɓe mu mu kafa rumfa. Sabo ne ya ɗauke mana shi a motarsa, ya ƙi karɓar kuɗin mai, ya tuƙa a hankali yana kauce wa ramuka kamar ya ɗauko mara lafiya. Muka sami inuwar wani shago a bakin kasuwa, na daidaita ƙafafu, na goge, na jera ƙwallaye.

Bayan la'asar wurin ya cika, don an ji cewa mai lauje na Birnin Kudu ya zo. Ina wasa da wani matashi ɗan Dingaya, yaro mai natsuwa, ya iya hannunsa. Da gangan ya kwantar mini da fara a bayan baƙa, tawa ta ƙarshe kuma tana can bakin rami. Ya ja da baya yana murmushi. Kowa ya san abin da ya haɗa, 'yan kallo suka fara cewa lauje, lauje. Na duba hanyar bango, akwai ta, na sunkuya zan bi ta nan. Sai na ji gunaguni. Wani ya ce ashe cika baki ne, wasu daga baya suka fara juyawa za su koma cikin kasuwa. Na san in suka watse yau ba tare da sun ga abin da ya kawo su ba, ba za su dawo ba, mu ma sai dai mu ɗaure tebur mu koma gida mu ci gaba da kallon juna. Na miƙe na goga alli, na fara ɗaga gindin sanda.

Baba ya dafa kafaɗata. A hankali ya yi magana, ni kaɗai na ji.

"Ba ni sandar."

Na ce, "Baba, hannunka."

"Na san hannuna, na kuma san ƙyallena. In ya yage a hannunka, wa zai riƙe teburin? Gida biyu ke ci a hannun nan naka."

Ya tambayi ɗan Dingaya ko ya yarda tsoho ya karɓi bugu ɗaya, yaron ya ce ai abin da ya zo gani ke nan. Baba ya goga alli ya daɗe yana gogawa. Ya duba mazaunin fara, ya kafa yatsun hagu a tsaye, ya ɗaga sanda. Ina tsaye a gefensa ina ganin gindinta yana kaɗawa. Ya jira, ya jira, kamar yana neman lokacin da rawar za ta ɗan lafa. Sannan ya sauke.

Fara ta fita ta hagun baƙa kamar ba ta san inda za ta ba, ta ɗan yi sulɓi, sai ta karya ta dawo dama, ta miƙe ta taɓa ƙwallon ta tura ta rami. Ban taɓa ganin ya yi wanda ya fi wannan kyau ba. Wurin ya kaure da sowa, idon kowa yana can bakin rami. Ni kuwa nawa yana inda fara ta tashi. Ƙyalle ya buɗe baki, ɗan kaɗan, farin katako yana leƙowa. 

Kafin in motsa Sabo ya riga ni. Mutumin da ya yi shekaru bai taɓa tebur ba, ya matso ya kifa tafin hannunsa a kan yagar, ya jingina kamar mai taya murna. Da ido ya nuna mini mayafin tebur, wato in ce an tashi, mu lulluɓe, in an watse mu san yadda za mu yi.

Baba ya ce, "Sabo, ɗaga hannunka."

"Baba, daga ni sai Isiya muka gani. Ƙyallen ruɓaɓɓe ne, ko wa ya buga sai ya yage. Ni na yafe."

"Ɗaga hannunka."

"To ka ɗage dokar gaba ɗaya, ni da kai duk mu huta."

Baba ya dube shi ya ce, "In na ɗage ta yau don ta zo kaina, shekarun da ka yi a kan benci me zan ce maka a kansu?"

Sabo bai ɗaga ba, sai da Baba ya kama wuyan hannunsa ya janye da kansa. Ya kira mutane ya nuna musu yagar, ya ce shi ya yi ta, kuma kowa ya san hukuncinta. Ya kwantar da sanda a kan tebur ya fita daga inuwar. Wasu 'yan Gwaram na cewa ai teburinsa ne, wa zai hana shi. Ni haushi ne ya kama ni. Na ji haushin dokar, na ji haushin taurin kansa, na kuma san sarai cewa yagar nan tawa ce ya karɓa.

Labarin ya zaga, kuma shi ya riƙe mu a shekarar. Mutane suka riƙa zuwa ganin teburin da mai shi ya kori kansa. Na ɗinke wurin da zare mafi siriri da na samu, muka lallaɓa da gurgun tebur a Gwaram har aka sami halin sabon ƙyalle, sannan muka dawo Birnin Kudu. Baba bai ƙara taɓa sanda ba, ko don ya miƙa wa wani. Kullum da safe zai zo ya duba ko na share daidai, ya fita ya zauna a bencin waje. In Sabo ya sauke lodi ya zo ya zauna kusa da shi. Gwanaye biyu da babu kamarsu a ƙasar nan, suna zaune suna kallon 'yan koyo, in an yi wani mugun bugu su girgiza kai tare. Na roƙi Baba sau da yawa ya ɗage dokar, na ce ko don Sabo. Ya ce in tebur ya zama nawa in yi yadda na ga dama, amma ba yana numfashi ba.

Baba ya rasu da azumi, bayan doguwar jinya. Da aka share makoki na buɗe rumfa, Sabo ya zo ya nufi benci kamar kullum. Na zaɓi sanda mafi miƙewa, na goga mata alli da hannuna, na kai masa har inda yake. Na ce tebur nawa ne yanzu, na ɗage dokar.

Ya daɗe yana juya ta a hannu. Ya tashi ya shigo, na jera masa ƙwallaye, waɗanda ke wurin suka matsa. Ya sunkuya da kyar yana dafe da ƙugu, ya kafa hannu, kafawar nan tasa mai kyau tana nan yadda na san ta. Ya ƙanƙance ido, ya ɗago ya murza su da bayan hannu, ya sake sunkuyawa. Can ya miƙe ya miƙo mini sandar.

"Isiya, ba na ganin na can ƙarshen. Duk sun haɗe mini."

Na ce bari in matso masa da su kusa. Ya ce a'a, in bar su, ya koma waje ya zauna.